Me Ya Haɗa Ni da Laifin Adamu?

Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce ka sha jin Kiristoci suna cewa ana haifar kowane mutum cikin zunubi saboda abin da Adamu ya aikata, kana kuma son sanin inda adalci yake a nan, tun da kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ka tambayi abin da ya hana Allah ya gafarta kai tsaye ba tare da mutuwar Yesu a kan gicciye ba, sa'an nan ka rufe da batun jariran da suka rasu tun ba su san dama da hagu ba. Tambayar farko ce za ta fi cin lokaci, domin idan ba a warware ta ba sauran biyun ba za su zauna daidai ba.

Yawancin Kiristocin duniya ba sa koyar da cewa an ɗauki laifin cin 'ya'yan itacen nan an rubuta wa jariri kamar shi ne ya miƙa hannu ya tsinka. Akwai reshen Kiristanci da ya kusanci wannan magana, zan kuwa zo kansa. Abin da dukansu suka yi tarayya a kai shi ne cewa ɗan Adam yana shigowa duniya ya tarar da dangantakarsa da Mahaliccinsa ta riga ta yanke, mutuwa tana jiransa, zuciyarsa kuma ta karkata ga son kai tun kafin ya yi zaɓinsa na farko. Ka ɗauki mutumin da aka kora daga ƙasarsa saboda cin amana. 'Ya'yan da zai haifa ba su ci amanar kowa ba, amma a ƙasar gudun hijira za a haife su, harshenta za su tashi da shi, ba kuma za su san hanyar gida ba sai wani ya zo daga can ya nuna musu. Wannan halin ne ake kira zunubin asali ko zunubin gado, ya kuma bambanta da zunubin da mutum yake aikatawa da hannunsa.

Labarin faɗuwar yana cikin Littafin Farawa sura 3, yana da kyau kuma a karanta shi a hankali, domin abin da mutane suke ɗauka yana cikinsa ya fi abin da yake ciki yawa. Nassin bai ambaci irin itacen ba, ya kira shi itacen sanin nagarta da mugunta kawai. Bai kuma kira macijin Shaiɗan ba; littattafan baya ne, kamar Wahayin Yahaya 12:9, suka haɗa su. Umarnin da Allah ya ba Adamu a sura 2 ya fara ne da yalwa, cewa yana iya ci daga kowane itace na gonar ban da guda ɗaya. Da macijin ya zo wurin matar sai ya juya maganar, ya tambaye ta ko da gaske Allah ya hana su cin 'ya'yan kowane itace. Da wannan tambaya ɗaya ya mai da Allah mai bayarwa ya zama Allah marowaci. Matar ta gyara masa, amma ta ƙara wani abin da ba ya cikin umarnin, wato cewa ko taɓa itacen ba za su yi ba. Daga nan macijin ya fito fili ya ce ba za su mutu ba, Allah dai ya san idanunsu za su buɗe su zama kamarsa. Saboda haka malaman Kirista suke cewa zunubin ya fara tun kafin a kai 'ya'yan itacen baki: ya fara ne lokacin da suka yarda cewa Allah yana ɓoye musu wani alheri, suka kuma ga ya fi musu su riƙe ikon yanke abin da yake daidai da kansu. Nassin ya ce mijin yana tare da ita, bai kuwa ce uffan ba, don haka masu ɗora wa Hauwa'u laifin ita kaɗai ba su karanta ayar har ƙarshe ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi nuna ma'anar faɗuwa. Idanunsu sun buɗe kamar yadda macijin ya faɗa, amma abin da suka gani shi ne tsiraicinsu, suka ɗinka ganyen ɓaure suka rufe jiki. Da suka ji motsin Allah a gonar sai suka ɓuya a cikin itatuwa. Allah ya kira Adamu ya ce, "Ina kake?" Da aka tambaye shi ko ya ci, bai ce na yi laifi ba, sai ya ce matar da ka ba ni ce ta ba ni, ya haɗa matarsa da Ubangijinsa cikin zargi ɗaya. Matar kuma ta nuna maciji. Laifi tudu ne, tun ranar farko kowa ya taka nasa ya hango na wani. A cikin ayoyi kaɗan mutum ya rabu da Allah, ya rabu da abokiyar zamansa, ya ji kunyar kansa, ƙasar da yake nomawa kuma ta fara ba shi ƙaya. Sai dai akwai abubuwan da mai saurin karatu yake tsallakewa. Maciji da ƙasa ne aka la'anta, ba a furta la'ana a kan mutumin ko matar ba. Allah da kansa ya yi musu tufafin fata kafin ya fitar da su. A aya ta 15 kuma an ce zuriyar macen za ta ƙuje kan maciji, shi kuma ya sari diddigenta, maganar da Kiristoci tun ƙarni na biyu suke karantawa a matsayin alkawarin farko na Mai Ceto.

Surorin da suka biyo suna nuna yadda abin ya bazu. Kayinu ya kashe ƙanensa Habila, Lamek ya yi fariyar cewa za a rama masa sau 77, har aka kai ga zamanin Nuhu inda aka ce tunanin zuciyar mutum mugunta ne kullum. Bayan ruwan tsufana ya share duniya, a Farawa 8:21, Allah ya sake faɗin cewa zuciyar mutum ta karkata ga mugunta tun yana yaro. Wato ruwan ya tafi da masu laifi, amma cutar ta shiga jirgin tare da waɗanda suka tsira. Duk da haka Farawa 9:6 ta ci gaba da kiran mutum wanda aka yi cikin siffar Allah, don haka babu inda aka ce darajarsa ta ɓace.

Damuwarka game da adalci tana da goyon baya a cikin Littafi Mai Tsarki kansa. Annabi Ezekiyel a sura 18 ya tsawata wa masu karin maganar nan cewa ubanni sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, ya ce wanda ya yi zunubi shi ne zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Bayan Farawa sura 5 da ƙyar Tsohon Alkawari ya sake ambaton Adamu. Malaman Yahudawa, waɗanda suke karanta wannan labari ɗaya, ba su fitar da koyarwar zunubin gado daga cikinsa ba. Sun yi magana ne a kan karkata biyu a zuciyar mutum, ta alheri da ta sharri. Musulunci kuma ya koyar da cewa Adamu ya tuba aka karɓi tubansa, kuma babu ran da zai ɗauki nauyin wani. To, daga ina Kiristoci suka samo tasu fahimtar?

Daga manzo Bulus ne, musamman Romawa 5:12-21 da 1 Korintiyawa 15:21-22, kuma yadda ya gina maganar shi ne mabuɗin amsar duka. Bulus bai fara da Adamu ya je neman magani ba. Ya fara ne da gaskatawa cewa mutuwar Almasihu da tashinsa sun kawo rai ga dukan mutane, Bayahude da wanda ba Bayahude ba, sa'an nan ya waiwaya ya tambayi irin ciwon da ya kai a yi masa magani mai girma haka. Ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta wurin zunubi, ta bi dukan mutane domin duka sun yi zunubi. Bai tsaya nan ba. Ya jera mutum biyu, Adamu da Almasihu, kowannensu tushen wata al'umma, rashin biyayyar ɗaya ya jawo hukunci, biyayyar ɗayan ta kawo kuɓuta, yana ta nanata cewa kyautar ta fi laifin ƙarfi nesa ba kusa ba, har ya ce inda zunubi ya yi yawa alheri ya fi shi yawa. A wurin Bulus 'yan Adam a ɗaure suke da juna, abin da ya sami tushe yakan sami rassa. Wannan ɗaurin da ya sa faɗuwar mutum ɗaya ta shafe ka shi ne kuma ya sa biyayyar mutum ɗaya take iya amfanar ka. Wanda ya ce ba ruwansa da abin da wani ya yi tun kafin a haife shi, a ma'aunin Bulus ya rufe wa kansa ƙofa biyu ne a lokaci ɗaya.

Wanda ya ba koyarwar siffar da aka san ta da ita a ikilisiyar Yammaci shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rayu daga shekara ta 354 zuwa 430. Abokin gardamarsa Felagiyus mutumin Birtaniya ne mai tsantseni da ya yi koyarwa a Roma, abin da ya dame shi kuwa shi ne sakacin Kiristocin birnin, waɗanda suke fakewa da raunin ɗan Adam su yi abin da suka ga dama. Ya ji haushin addu'ar Agustin da take roƙon Allah ya ba da ikon yin abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya so. Felagiyus ya ce Allah ba zai umarci abin da mutum ba zai iya ba, ana haifar kowane jariri kamar yadda Adamu yake kafin faɗuwa, zunubi kuma yana yaɗuwa ne ta hanyar koyi. Kada a raina wannan ra'ayi, domin yana kare alhakin mutum a kan aikinsa. Agustin ya amsa cewa idan koyi ne kaɗai matsalar, to kyakkyawan misali da doka sun isa, mutuwar Almasihu ba ta da dalili ke nan. Ya kuma tambayi abin da ya sa a cikin dukan 'yan Adam ba a sami ko mutum ɗaya da ya ƙi yin koyin ba. Majalisar shugabannin ikilisiya ta Kartaj ta shekarar 418 ta ƙi koyarwar Felagiyus, majalisar Afisa ta 431 ta tabbatar da haka, majalisar Oranj ta 529 a kudancin Faransa kuma ta riƙe cewa alherin Allah ne yake fara motsa zuciya, amma ta ƙi cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Agustin bai dogara ga nassi kaɗai ba, ya binciki kansa. Ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare suka kakkaɓe wani itace, suka kwashi 'ya'yansa masu yawa, suka ɗan ɗanɗana, suka zubar wa aladu sauran. Ba yunwa yake ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi su kyau. Da ya manyanta ya zauna yana tambayar kansa abin da ya so a cikin wannan satar, bai sami komai ba sai daɗin karya dokar kanta da kuma kunyar a ce shi kaɗai ne ya ja baya a cikin abokai. Wannan shi ne abin da Bulus ya bayyana a Romawa 7, cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba, muguntar da ba ya so ita yake aikatawa. Da a ce jahilci ne matsalar da ilimi ya magance ta, amma mutum yakan san daidai sarai ya kauce.

Daga nan Kiristoci suka rarrabu a kan abin da aka gada takamaimai. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas suna cewa mutuwa da ruɓewar hali muka gada, ba alhakin laifin Adamu ba, kuma tsoron mutuwa ne yake tura mutum ga kwaɗayi da son kai. Ikilisiyar Katolika a majalisar Tirent, a shekarar 1546, ta ce zunubin asali yana wucewa ta hanyar haihuwa ba ta hanyar koyi ba, baftisma tana kawar da shi, amma karkata ga zunubi tana saura a matsayin abin yaƙi. Littafinta na koyarwa na 1992 ya fayyace cewa wannan hali ne da aka tarar, ba aiki ne da aka aikata ba, ba kuma laifin kai ba ne ga kowane ɗan Adam. Reshen da ya bi Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na ƙarni na 16, shi ne ya fi tsanantawa: Shaidar Bangaskiya ta Westminista ta 1646 ta ce an lasafta alhakin zunubin farko a kan zuriyar, domin Adamu ya tsaya a matsayin wakilin kowa. Koyarwarsu ta lalacewa gaba ɗaya ana yawan yi mata mummunar fahimta. Ba sa nufin kowa ya kai maƙura a mugunta, suna nufin babu wani sashe na mutum, ko hankali ko nufi ko sha'awa, da zunubi bai taɓa ba. Wesli, mai wa'azin Ingila, da mabiyansa da ake kira Metodis sun yarda da zurfin lalacewar, amma sun ce alherin Allah yana riga kowane mutum zuwa, yana ba shi ikon amsa kira ko ƙin sa.

A nawa ganin, maganar lasafta wa zuriya alhakin Adamu ita ce ta fi wuyar karewa a gaban Ezekiyel 18, kuma duk inda Sabon Alkawari ya zana ranar shari'a, kamar Matiyu 25 da Romawa 2:6, bisa ga ayyukan mutum ake yi masa hukunci. Amma cewa ana haifar mu a karkace, wannan ba ya bukatar dogon wa'azi, domin babu iyayen da suka taɓa zama suka koya wa yaro ƙarya ko kishin ƙanensa. Game da ko labarin gonar tarihi ne kalma bi kalma, Kiristoci sun sha bamban: waɗansu suna ɗaukarsa haka, waɗansu kuma, har da koyarwar Katolika, suna cewa an yi amfani da harshen misali wajen bayyana wani abin da ya faru da gaske a farkon tarihin mutum.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kiristoci ba sa cewa Allah ba shi da ikon gafartawa, ko kuwa yana ƙin gafartawa sai an lallashe shi. A misalin ɗa mubazzari na Luka 15 uban ne ya sheƙa da gudu ya tarye shi tun yana nesa. Tambayar ita ce me gafara take bukata idan za ta zama gaskiya. Dubi Dawuda a 2 Sama'ila 11 da 12. Ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka ajiye mijin a bakin dāga aka janye aka bar shi ya mutu, kuma Uriya da hannunsa ya kai wasiƙar da take ɗauke da hukuncin kisansa. Da annabi Natan ya tone shi Dawuda ya amsa laifinsa, Natan ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinsa. To, ka sa kanka a matsayin mahaifin Uriya yana jin wannan. Idan gafara tana nufin a share maganar kamar ba a yi ba, to jinin ɗansa ba shi da nauyi a wurin Allah ke nan. Bulus ya fuskanci wannan a Romawa 3:25-26, inda ya ce Allah ya jingine zunuban dā cikin haƙurinsa, gicciyen kuma shi ne wurin da ya nuna cewa shi mai adalci ne a daidai lokacin da yake kuɓutar da mai laifi. Akwai kuma abu na biyu. Dawuda da kansa a Zabura 51 bai roƙi a shafe laifinsa kaɗai ba, ya roƙi a halitta masa sabuwar zuciya, domin ya gane cewa idan aka yafe aka bar shi yadda yake, gobe ma zai koma. Yafewa ta baki ba ta tayar da matacce, ba ta kuma miƙe karkatacciyar zuciya.

Sabon Alkawari ya bayyana aikin Almasihu da harshe iri-iri: hadaya irin ta Ranar Kafara a Littafin Firistoci 16, fansar bawa kamar yadda Yesu ya ce a Markus 10:45 ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, sulhu tsakanin waɗanda suka ɓata, da nasara a kan mutuwa da Shaiɗan. Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wadda manyan rassan Kiristanci suka yi tarayya a kanta, ta ce kawai domin mu da cetonmu ya sauko, aka gicciye shi dominmu, ba ta ɗaure ikilisiya da bayani ɗaya na yadda hakan ya yi aiki ba. Iraniyus, bishop na Liyon wajen shekara ta 180, ya ce Almasihu ya sake bin hanyar da Adamu ya bi tun daga farko, ya yi biyayya a duk inda wancan ya kauce, ya miƙe halin ɗan Adam daga ciki. Waɗansu malaman farko sun ce Shaiɗan aka biya fansar, amma Giregori na Naziyanzus ya ƙi wannan da kakkausar murya, yana ganin abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi lada. Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya tsara hujjar da ta fi shahara: mutum ne ake bi bashin, amma ba zai iya biya ba, Allah ne kaɗai yake da ikon biya, amma ba shi ake bi ba, saboda haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad, wanda ya zo jim kaɗan bayansa, ya ƙarfafa cewa ƙaunar da aka nuna a gicciye ce take narkar da zuciya ta juyo. Luta, jagoran Furotesta na Jamus, da Kalbin kuma, suna dogara ga Ishaya 53, sun ce Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancanci masu zunubi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan idan aka ɗauke shi shi kaɗai yakan gurgunta, musamman na Abelad, domin mutuwar da ba ta kuɓutar da kowa daga wani haɗari na gaske ba da wuya a kira ta ƙauna.

Za ka iya cewa hukunta marar laifi a madadin mai laifi ya fi rashin adalcin farko muni. Da a ce Allah ya kamo wani bawan Allah na gefe ya ɗora masa, da maganarka ta tsaya. Amma bangaskiyar Kirista ita ce wanda ya sha wahalar Allah ne da kansa cikin jiki. 2 Korintiyawa 5:19 ta ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa, Yesu kuma a Yahaya 10:18 ya ce ba mai karɓe ransa daga gare shi, shi ne yake ba da shi da yardarsa. Duk wanda ya taɓa yafe babban laifi ya san cewa asarar ba ta ɓacewa, mai yafewar ne yake haɗiye ta. Shi ya sa wa'azin da yake zana Uba mai fushi da Ɗa mai tausayi da ya shiga tsakani ya saɓa wa koyarwar Kirista, ko da yake ana jin sa a bakin masu wa'azi fiye da yadda ya kamata. Wannan amsa ta rataya ne gaba ɗaya a kan Allahntakar Almasihu da tashinsa daga matattu, Bulus kuwa bai ɓoye haka ba, ya ce a 1 Korintiyawa 15:17 idan ba a ta da Almasihu ba bangaskiyarsu banza ce, har yanzu suna cikin zunubansu.

Yadda mutum yake karɓar wannan fansa shi ne ya raba ikilisiyar Yammaci a ƙarni na 16. Furotesta sun ce ta wurin bangaskiya kaɗai, ayyuka kuma 'ya'yanta ne. Katolika sun ce alheri yana sāke mutum daga ciki, yana kuma aiki tare da yardarsa ta wurin ƙauna. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Lutaran, mabiyan Luta, sun sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma yake sabunta zuciya ya kira mu ga ayyuka nagari. Metodis sun shiga a 2006. Bambanci bai ƙare ba, amma ya ragu.

Babu ɗaya daga cikinsu da yake cewa wanda aka fansa ya daina zunubi. Wasiƙar Yahaya ta fari 1:8 ta ce mai cewa ba shi da zunubi yaudarar kansa yake yi, Luta kuma ya kira mai bi barataccen mutum, wato wanda Allah ya kuɓutar, kuma mai zunubi a lokaci ɗaya. Abin da ake da'awa shi ne an ɗauke hukunci, ikon zunubi ya karye ko da yake yaƙin bai ƙare ba, cikar kuwa sai ranar tashin matattu. Begen Kirista bai tsaya ga rai ya tsere daga jiki ba. Romawa 8 ta ce halitta duka tana nishi tana jiran a 'yantar da ita daga ruɓewa, tare da fansar jikunan mutane.

Batun jarirai shi ne inda Agustin ya bi hujjarsa har ta kai shi wurin da ikilisiya ta kasa bin sa. Ya koyar da cewa jaririn da ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukunci, ko da yake mafi sauƙin hukunci ne. Malaman tsakiyar zamani sun sassauta, suka yi maganar wani matsayi da babu azaba a cikinsa amma babu ganin Allah, sai dai wannan bai taɓa zama tabbatacciyar koyarwar ikilisiya ba. A shekarar 2007 Hukumar Tauhidi ta Duniya ta Katolika ta fitar da bayani cewa akwai ƙwararan dalilai na sa zuciya cewa irin waɗannan jarirai suna samun ceto. Otodoks, da yake ba su ɗora wa jariri alhaki ba tun farko, ba su shiga wannan matsi sosai ba. Yawancin Furotesta a yau suna cewa jarirai suna cikin alherin Almasihu, suna kafa hujja da maganar Dawuda a kan jaririnsa da ya rasu, cewa shi zai je wurinsa, da kuma maganar Yesu a Markus 10:14 cewa a bar yara su zo gare shi domin mulkin Allah na irinsu ne. Lura da cewa ba su ce jaririn ba ya bukatar Mai Ceto ba, tun da mutuwa ta same shi kamar kowa. Sun ce Mai Ceton ya isa gare shi ba tare da ya iya furta komai ba. Ina ganin wannan ne ya fi dacewa da Romawa 5, domin idan abin da Adamu ya jawo yana iya kaiwa ga jariri ba da saninsa ba, sa'an nan a ce alherin Almasihu ba ya iya kaiwa gare shi sai da saninsa, to an mai da Adamu ya fi Almasihu ƙarfi, alhali Bulus akasin haka ya rubuta.